Ajamin kwamfuta da idon da ya tashi a kan allo

Duk wanda ya yi karatun allo a Magariya ko Dungas, idonsa da rubutu iri ɗaya ya saba: baƙi mai kauri, wanda alƙalamin kara ya ja, wasali a fili, a ruwayar Warash. Shi ya sa littattafan da 'yan kasuwa ke ɗaukowa daga Kurmi ta Kano suka daɗe suna karɓuwa a nan. Rubutun hannu ne aka ɗauki hotonsa aka buga, irin na Sharu Bala Gabari.

Yanzu kuwa masu buga takardun faɗakarwa da ajami, na rigakafi ne ko na noma, sun koma kwamfuta, kuma haruffan da suka tarar a cikinta na ƙasashen gabas ne, sirara kamar zare. Wannan ci baya ne, duk da tsabtar da bugun yake da ita.

A dubi harafi biyu kawai. A allo, fa'un ɗigonsa ɗaya a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A bugun gabas, ɗigo ɗaya a sama fa'un ne, ƙaf biyu gare shi. Ke nan dattijon da ya sauke tun yana saurayi, in aka miƙa masa takardar asibiti, duk inda aka sa fa'un sai ya karanta ƙaf. Ya tsaya, ya koma baya, ya yi ta lalube, daga ƙarshe ya naɗe ta ya sa aljihu. Ga kuma ɗigon imala na ƙasa, wanda da shi Bahaushe ke rubuta wasalin "e": haruffan kwamfuta da yawa ba su da shi. Sai a ce mutanen ƙauye ba sa karatu, alhali rubutun da suka iya ne ba a ba su ba.

Uzurin rashin kayan aiki kuma ya ƙare. Tun 2017 ƙungiyar SIL ta fitar da haruffan Alkalami, da aka zana bisa rubutun Kano, ga kuma Harmattan na Warash, duka kyauta a intanet. Abin da ya rage wa mai bugawa a Damagaram shi ne ya sauke su, ya ƙara girman baƙin saboda masu karatu da hasken tocila, sannan kafin injin ya fara aiki ya kai wa wani alaramma shafi ɗaya ya karanta a gabansa.