Hatsi da kyamara: karatun «Hunger Games» na Suzanne Collins

Littattafai uku marubuciyar Amurka Suzanne Collins ta fitar a jere: The Hunger Games a 2008, Catching Fire a 2009, sai Mockingjay a 2010. Guillaume Fournier ya mayar da su faransanci, abin da ya kusanto da su ga ɗaliban lise. Matasa sukan so su don jarumtar Katniss Everdeen da bakanta. Amma nauyin labarin yana wurin hannun da ke riƙe da rumbu da kyamara.

Ƙasar Panem ta tsira ne a kufan Amurka ta Arewa. Babban birninta, Kapitol, yana mulkin gundumomi 12 da ya taɓa murƙushe tawayensu. Don kada a manta, kowace shekara ana jefa ƙuri'a a ɗauki yaro da yarinya daga kowace gunduma, masu shekara 12 zuwa 18, a zuba su 24 a fage su kashe juna har ɗaya ya rage, jama'a na kallo dole a talabijin.

Inda basirar marubuciyar ta fito shi ne tsarin ƙuri'ar. Yaron da iyalinsa ke fama da yunwa yana iya karɓar ɗan hatsi da mai na shekara, da sharaɗin a ƙara rubuta sunansa sau ɗaya kan kowane bakin da zai ci, kuma lissafin yana taruwa shekara bayan shekara. Katniss tana ciyar da kanta da uwarta da ƙanwarta Prim. A shekara 16 sunanta ya shiga sau 20, alhali sa'arta ƴar magajin gari sau 5 kawai. Doka ɗaya ce ga kowa, mutuwa kuwa ta san ƙofar talaka. Mai karatun da ya san bashin hatsi na damina, wanda ake biya da kaka ninki, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Kuma haushin matalauci ba ya kai wa Kapitol mai nisa, kan maƙwabcin da ya ƙoshi yake sauka. Haka ake raba kan waɗanda ake zalunta ba tare da an harba harsashi ba.

Littafi na uku shi ne wanda matasa suka fi ƙorafi a kansa, shi ne kuma ya fi cancantar aji. Ƴan tawaye na gunduma ta 13, a ƙarƙashin Alma Coin, su ma suna auna wa kowa abinci da ma'auni, su ma suna yi wa Katniss kwalliya su tsayar da ita gaban kyamara. Mai shirya musu farfaganda, Plutarch Heavensbee, shi ne ya shirya wa Kapitol wasan kisa na 75. Bayan nasara Coin ta kawo shawarar a sake wasan, wannan karon da ƴaƴan Kapitol. Ranar da aka ba Katniss kibiya ta kashe tsohon shugaba Snow, Coin ta harba. Kafin nan Prim, wadda don ita Katniss ta miƙa kanta tun farko, ta mutu a harin bam da alamu suka nuna daga ɓangaren ƴan tawaye ya fito.

Aikin ba ya rasa rauni. Jan zaren soyayya tsakanin Peeta da Gale ya cinye shafuka masu yawa. Kuma da yake Katniss kaɗai ke ba da labari, duk lokacin da take kwance asibiti yaƙin yana wucewa a bayan labule, gundumomi da dama kuwa sun tsaya a suna da sana'a: wannan kifi, waccan katako.

Alamar ɗaga yatsu uku ta fita daga littafin ta shiga titi: masu zanga-zanga sun ɗaga ta a Tailan bayan juyin mulkin 2014, da Myanmar a 2021. Daga littafi na farko aka ɗauko ta. Malamin da zai karanta jerin da ɗalibansa zai fi samun muhawara a babin da Coin ta tara waɗanda suka tsira daga fagen, su bakwai, ta nemi ƙuri'arsu, Katniss kuma ta amince da sabon wasan.