Dutsen da Ba a Niƙawa: Nazari kan Al'adar Tara Kiristal

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban faifan mai koli ya ɗauki ɓarin tozali kafin a niƙa shi, ya riga ya riƙe kiristal a hannunsa, ko da bai san sunan ba. Ka juya shi a rana, fuskokinsa su riƙa walƙiya kamar an goge su da tsumma. Ka ɗan ƙwanƙwasa shi, ba ya marmashewa barkatai irin na hoge. Yana ɓantarewa ne a miƙe, gutsi-gutsi, kowane gutsure da kusurwoyinsa daidai kamar ɗan akwati. Masana na kiransa galina, haɗin dalma ne da farar wuta, shi ya sa ma likitoci ke hana sa wa jarirai shi. Babu hannun da ya sassaƙa shi haka. Ƙwayoyin zarrar da ke cikinsa ne suka jeru sahu-sahu bisa tsari ɗaya, tsarin kuma ya bayyana a waje.

Mu dai niƙa shi muke yi. Amma akwai waɗanda a wurinsu fasa irin wannan dutse ɓarna ce babba. Su ne masu tara kiristal na ma'adinai, al'adar da ta yi ƙarfi a Turai da Amurka, ta kuma bazu zuwa Sin da Jafan. Suna neman dutse yadda Allah ya halicce shi a cikin ƙasa, su wanke shi, su ɗora shi a kabad ɗin gilashi, su ajiye 'yar takarda a gefensa.

Abin ya taso ne daga garuruwan haƙar ma'adinai. Georgius Agricola, wanda ya yi aikin likita a cikin masu haƙar azurfa, ya fitar da littafinsa na rarrabe ma'adinai a 1546. A 1669 Nicolaus Steno ya lura cewa ƙanƙarar dutse, wadda masana ke kira kwaz, ko doguwa ce ko gajeruwa, kusurwar da ke tsakanin fuskokinta ba ta canzawa. Sai kuma labarin da ake bayarwa na Bafaranshe René Just Haüy, wai kiristal ɗin kalsait ya suɓuce masa ya fashe, da ya duba ɓaraguzan ya ga duk siffarsu ɗaya, kamar dai tozalinmu. Daga nan ya gina bayaninsa cewa kiristal tubali ne bisa tubali. Kabad ɗin masu tarawa shi ne ɗakin karatun wannan ilimi tun farkonsa. Washington Roebling, injiniyan da ya jagoranci ginin gadar Brooklyn, ya tara samfuri kusan 16,000, da ya rasu a 1926 ɗansa ya miƙa su ga cibiyar Smithsonian da ke birnin Washington, har yau masu bincike na amfani da su.

Idon mai tarawa daban yake da na mai yankan dutsen ado, kuma nan ne zuciyar al'amarin. Mai yanka ciki yake leƙawa: ruwan dutsen garau yake, ko akwai tsaga? Zai yanke ya zubar da fiye da rabi don ya fitar da abin sa wa zobe. Mai tarawa kuwa waje yake kallo. Yana son tsinin kiristal ya cika, kada a sami ko ƙwarzane kamar ƙwayar gero a bakinsa, don wannan kaɗai kan karya farashi warwas. Yana duba sheƙi da launi. Fiye da komai yana son ya gan shi tsaye a kan uwar dutsen da ya tsiro a jikinta, tare da maƙwabtansa na wasu ma'adinai, domin wannan zaman tare shi ke ba da labarin wanda ya fara fitowa da wanda ya biyo baya, da irin ruwan zafin da ya ratsa ramin. Sai takarda: sunan ma'adinin, sunan ramin, gari da ƙasa, wani lokaci har zurfin da aka same shi da hannuwan da ya bi. Ina ganin wannan takarda ita ce ta raba mai tarawa na gaske da mai tsince-tsince. Dutsen da takardarsa ta ɓata ya zama kamar baƙon da ya manta garinsu, ga kyau amma ba ya iya ba da shaidar komai.

Babbar hujjar masu wannan al'ada ita ce ceto, kuma hujja ce mai nauyi. Kamfanin haƙa tan yake ƙirgawa, duk abin da ya fito injin niƙa yake nufa. Ramin Tsumeb na Namibiya, wanda aka rufe a 1996, ya ba duniya nau'o'in ma'adinai fiye da 200, cikinsu da koren diyoftes mai ɗaukar ido. Da yawa daga abin da ya tsira, leburori ne suka fito da shi saboda sun san akwai mai saye. Ba don kasuwar masu tarawa ba, da an narkar da shi an fitar da tagulla da dalma. A jihar Kolorado ta Amurka ma an sake buɗe tsohon ramin azurfa na Sweet Home a 1991 don kiristal kaɗai, wato jan rodokorosait. Suka riƙa zagaye kogon da zarto mai haƙoran daimon, suna ciro shi sannu a hankali kamar ana cire ƙwai daga ƙarƙashin kaza. A 1992 suka sami wanda ake kira Alma King, yana nan a gidan tarihin birnin Denver, kowa na iya zuwa ya gani.

Sai dai kuɗi sun shiga, sun kuma sauya ɗanɗano. Bikin baje kolin Tucson a jihar Arizona ya fara ne a 1955 a wata makarantar firamare, yau ya zama kasuwar da ke cika gari duk watan Fabrairu. Manyan masu saye da yawa yanzu kyau kawai suke bi, kamar masu sayen zanen bango. Ma'adinin da ba shi da launi, ko da ya fi kowanne ƙaranci a duniya, sai a wuce shi. Inda kuɗi suka taru kuma algus ba ya nisa: ana rina duwatsun Maroko, ana gasa kwaz mai ruwan makuba ya koma rawaya a sayar da shi da wani suna, ana manna kiristal a kan uwar da ba tasa ba. Gyara kansa ba laifi ba ne in an faɗa. Alma King ma a ɓalle aka same shi, aka mayar da shi gurbinsa, ba a kuma ɓoye ba. Ɓoyewar ce ha'inci. Abin da ya fi damuna shi ne samfurin da ya shiga gidan attajiri ya ɓace wa idon ɗalibi shekara arba'in.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, don ƙasarmu na cikin masu ba da kaya. Tofaz da akwamarin na tsaunukan Filato, zumurrudun Nasarawa Eggon, turmalin na yankin Keffi da na Oyo, shuɗin yaƙutun Mambila, duk sanannu ne a kasuwannin duniya. Amma mai haƙa a nan giram aka koya masa. Ka ga matashi ya fito daga ramin loto, jikinsa duk jar ƙasa, da dunƙulen dutse mai dogon kiristal tsaye a kai. Ya zauna a bakin ramin, ya sa guduma ya ɓalle shi daga uwar, ya tsinke tsinin don ya ga ruwan ciki, ya jefa a leda tare da sauran suna gogar juna. Cikin minti biyu ya rushe abin da ya yi miliyoyin shekaru a ɓoye lafiya lau. Ban ga laifinsa ba. Dillalin da ke jiransa sikeli ya riƙo, kayan kuma Bankok za su tafi a yanka. Babu wanda ya taɓa gaya masa cewa wani dutsen ya fi tsada in an bar shi da uwarsa an naɗe shi da tsohuwar jarida, alhali dillalan ƙetare sun sani sarai.

Ɗan abin da ya tsira ma da rabin asali yake fita. Da yake Jos ce kasuwar duwatsun, samfurin da aka haƙo a Kaduna ko Nasarawa kan isa Turai da takarda mai cewa Jos kawai, wani ma Najeriya tsura. Ramukan loto kuwa ba sa daɗewa, damina biyu ko uku sun rufta, masu haƙa sun koma wani dajin. Ɗalibin ilimin ƙasa da zai zo nan gaba yana son sanin wane tsauni ne ya haifi wannan tofaz, ba zai sami ramin ba, ba zai sami wanda ya haƙa ba, takardar da ke kabad ɗin gilashin kuma sunan kasuwa ta rubuta masa.