Wa ke jera gwanayen gambarar zamani?

Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, kuma Nomiis Gee ya shiga gabatar da shirin Zafafa Goma, musun wane ne gwanin hip hop na Hausa ya samu dandali. Wasu su ce ClassiQ, wasu su ce DJ AB, mutanen Bauchi su kafe a kan B.O.C Madaki, masu son sanyin murya su ja Morell. Ma'aunin da ake ɗorawa a kai sananne ne: yawan kallo a YouTube, fitowa a talabijin, da gayyatar manyan taruka.

Wannan ma'auni na birni ne, kuma ba ya ganin gari irin Bugaje a ƙaramar hukumar Jibiya. A nan waƙa ba ta dogara da data. Wurin masu turi da cajin waya ake loda ta a memori, sannan ta bi Xender daga waya zuwa waya, ta hau babur ta nufi Ɗan Isa da Maraɗi, ba wanda ya ƙirga ta. A watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a Jibiya da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda 'yan bindiga, ƙidayar intanet ta tsaya cak a yankin, sauraro kuwa bai tsaya ba.

Ga kuma kunnen ɗan iyaka, wanda gida biyu yake ci. Tun wajen ƙarshen shekarun 1990 Yamai ke da ƙungiyoyi irin su Kaidan Gaskiya da Lakal Kaney da Wass-Wong, masu cakuɗa Hausa da Zabarmanci da Faransanci suna taɓa talauci da halin masu mulki. Da wuya ka ga sunansu a jerin da aka tsara a Kano ko Kaduna, sai ka ce Hausa ta ƙare a shingen kwastan na Magama.

Shi kansa zargin cewa wane ya sayar da kansa, salonsa daban ne a wurinmu. A Amurka kamfanonin faifai ake tuhuma. A nan kuɗin yana wajen biki, da tallar kamfani, da uwa uba 'yan siyasa. Rarara ɗan Kahutu ba ɗan gambara ba ne, amma kowane matashi mai makirufo ya ga abin da waƙar siyasa ta yi masa. Wanda ya ƙi bin wannan hanya yakan biya farashi. Ziriums ya caccaki masu tace fina-finai na Kano a "Girgiza Kai", kotu ta haramta waƙar a 2009 tare da wasu, kuma haramcin ya ƙara mata gudu a wayoyi. Mutuncinsa a idon masu bibiyar harkar daga nan ya samo asali.

Sai dai ban yarda rashin suna shaidar gwaninta ce ba. Akwai yaran da ba a san su ba don baitinsu ba shi da nama, kwaikwayon Legas ne kawai aka sa wa hula. Shata, ɗan Musawa, ya yi wa sarakuna da attajirai waƙa, ya yi wa direbobi, ya karɓi kyautar motoci, kuma ba a taɓa cewa ya bar talaka ba, domin Hausarsa ba ta sauya ba ko a gaban wa ya tsaya. Da wannan nake auna DJ AB da sa'o'insa: bayan kuɗi sun shigo, shin yaron da ke tura waƙa a Bugaje yana jin da shi ake magana?