Abin da Matafiyi Marar Guzuri Ya Gani a Hamadar Cile

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Amma ba kowane matafiyi ne ya ke komowa da ilmi ba. Littafin tafiyar Ernesto Guevara, wanda aka buga a 1993, shekara 26 bayan an kashe mai shi, ya isa a auna wannan magana da shi.

Guevara mutumin Ajantina ne. A farkon 1952, yana da shekara 23, yana koyon aikin likita, ya hau wani tsohon babur da abokinsa Alberto Granado, suka nufi ƙasar Cile. Cile ƙasa ce siririya, ta miƙe a bakin teku, arewacinta kuwa hamada ce, ana ce da ita Atakama, wadda a kan yi shekaru ruwa bai sauka a wasu sassanta ba. Babur ya mutu, suka bar shi a Santiyago, suka ɗauki kayansu a baya.

Daga nan ne littafin ya fara yin kyau, domin rashin kuɗi ya tilasta musu cuɗanya da talakawa. A Balfaraiso Guevara ya duba wata tsohuwa mai ciwon fuka, ya ga talauci ya fi ƙarfin maganinsa. Suka ɓuya cikin jirgin ruwa zuwa Antofagasta, suka fito suka nuna kansu, aka sa shi wankin bayi. A Bakedano, cikin hamada, suka kwana da wani leburan ma'adini da matarsa. An taɓa ɗaure mijin saboda shi ɗan jam'iyyar Kwaminis ne, wadda Gwamnati ta haramta a 1948. Suna neman aikin haƙar farar wuta, ga sanyin dare, ba su da ko bargo. Samarin suka ba su ɗaya daga cikin nasu. Marubucin bai ƙawata wannan labari ba, shi ya sa ya ke kama zuciya. Haka nan da ya isa Cukikamata, inda wani kamfanin Amurka ya ke haƙar jan ƙarfe a lokacin, hankalinsa ya tafi ga leburorin da aikin ya cinye.

Amma fa littafin yana da aibu biyu. Na fari, talakawan nan da ya tausaya wa ba su da suna a ciki, maganarsu kuma kaɗan ce. Ra'ayinsa a kansu shi ne ya cika shafi, alhali kuwa mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Tsofaffin garuruwan gaɓa ma, irin su Ikike da Arika, waɗanda Cile ta ƙwace daga Feru a yaƙin da aka fara a 1879, ratsa su ya yi da gaggawa. Na biyu ya fi muni. Da ya kai Karakas, a ƙasar Benezuwela, ya rubuta maganganun raini game da baƙar fata, watau idon da ya ga wahalar leburan hamada bai ga mutuncin waɗannan ba.

Akwai kuma tarko ga mai karatu. Da ya ke Guevara ya yi suna a juyin mulkin Kuba na 1959, mutane su kan karanta littafin kamar kowane shafi yana bushara da wannan. Ya fi kyau a karanta shi a matsayin aikin saurayi wanda ya fara gani, bai gama ba.

Duk da haka littafin ya cancanci karatu. Wanda ya iya rubutu, ya kuwa yi niyyar rubuta labarin tafiyarsa, ya koyi kallo daga gare shi, sa'an nan ya ƙara abin da ya rasa: ya tambayi mutane sunayensu, ya bar su su faɗi nasu da bakinsu.