Daga Tubali Zuwa Bulo: Sharhi Kan Yadda Ake Nazarin Kalmomin Gini a Hausa

1.0 Gabatarwa

Manazarta sun yi wa ginin gargajiya na Hausa hidima. Ƙamusun Bargery na 1934 ya tattaro kalmomi irin su tubali da azara da makuba. Littafin Moughtin na 1985 da na Dmochowski na 1990 sun bayyana fasahar da ke bayan kalmomin, musamman a tsofaffin birane kamar Kano da Zariya. Sai dai wannan maƙala na ganin cewa dogaro da birni kaɗai ya sa an yi watsi da bakin maginin yau.

2.0 Kalma da Kayan Aiki

Kalmar gini tana rayuwa ne muddin abin da take nufi yana hannun magini. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya, ba ta ɗaukar nauyi idan tazara ta yi yawa, shi ya sa magina suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga don faɗaɗa ɗaki. Makuba daga ɓawon ɗorawa take, katsi kuwa daga marina. Da siminti da rodi suka zo, sai waɗannan kalmomi suka fara ja da baya.

A duba garin Gwada, a ƙaramar hukumar Shiroro ta Jihar Neja, kan hanyar Minna zuwa Kuta. Ƙasar Gbagyi ce, amma Hausa ce ke haɗa mutane a kasuwa da wurin aiki. A irin wannan wuri ba a cika jin zancen zanko ko laso ba. Bulo da filasta da silin ake ji.

3.0 Aro Ba Gurɓata Ba Ne

Masu ra'ayin tsarkake harshe na kallon waɗannan kalmomi a matsayin baƙi. Amma baƙon da ya bi dokar gida ya zama ɗan gida. Hausa ba ta yarda baƙaƙe biyu su haɗu a farkon kalma ba, don haka ta saƙa wasali a bulo da filasta. Ta ƙara wasali a ƙarshen rodi da siminti. Ta kuma yi musu jam'i irin nata: kafinta, kafintoci, lebura, leburori.

Haka nan akwai faɗaɗar ma'ana. Kwano ya tashi daga mazubin abinci ya hau rufin ɗaki. Tubali kuwa, da ya yi ƙaranci a bango, ya sami mafaka a magana, inda ake cewa ilimi tubalin ci gaba ne.

4.0 Kammalawa

Ƙamusun da ya adana azara ya manta da rodi tarihi ya rubuta, ba harshe mai rai ba. Wajibi ne masu aikin ƙamus su je wurin gini, a birni da ƙauye, su ji daga bakin birkila kafin su zauna ƙirƙirar kalmar da babu mai amfani da ita.