Manhajar ajiyar bayanai: kada jadawalin talla ya yi maka zaɓi

Mai karatu, idan ka taɓa zama a taron da ake shawarar sayen manhajar ajiyar bayanai a banki, asibiti, jami'a ko wani kamfani, ka san yadda abin ke gudana. Wani zai fito da jadawali mai layuka, sunayen kamfanoni a jere: Veeam, Commvault, Rubrik, Cohesity. A gaban kowanne an yi alamar abin da yake iyawa. Wanda ya fi yawan alamomi, ko wanda ya fi hawa sama a taswirar da kamfanin bincike na Gartner ke fitarwa duk shekara, shi ake ɗauka. A sa hannu, a biya, kowa ya watse da kwanciyar hankali.

Ni ina da ja a kan wannan hanya. Ba ina cewa waɗannan manhajoji ba su da kyau ba ne. Da yawansu suna aiki sosai. Matsalar ita ce jadawalin yana amsa tambayar "wa ya iya kwafe bayanai ya adana?", alhali tambayar da za ta taso ranar da abu ya ɓaci daban ce: za mu iya dawo da su, kuma cikin awa nawa? Shi kansa Gartner yana rubuta gargaɗi a rahotonsa cewa ba yana ba masu saye shawarar su ɗauki wanda ya fi maki kawai ba ne. Sai dai wa ke karanta ƙananan rubutun ƙasan shafi?

Ɗauki abin da ya faru da GitLab, dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu. Ranar 31 ga Janairun 2017, wani injiniyansu yana gyara da daddare, sai ya ba da umarnin gogewa a kan babbar na'urar da ke riƙe da rumbun bayanai, a zatonsa ta biyu ce. Kafin ya ankara, kusan gigabait 300 sun tafi. Kamfanin yana da hanyoyi biyar na ajiya da kwafi, amma da aka duba, babu wadda ke aiki yadda aka zata. Ɗaya daga ciki ta daɗe da daina aiki saboda sigar manhajar da ke ɗaukar kwafin ba ta dace da ta rumbun ba, saƙon imel ɗin da ya kamata ya sanar da su kuma ba ya isowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu kimanin awa 6 kafin hatsarin, don wani aiki daban. Bayanan waɗannan awanni 6 sun tafi ke nan.

To ka ga, da GitLab zai cika irin jadawalin nan, da ya ci maki biyar cif. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Kwafin da ba a taɓa gwada dawo da shi ba, ba ka san ko yana nan ba.

Abu na biyu da jadawalin ba ya nunawa shi ne inda kwafin yake zaune, da wanda ke iya taɓa shi. A watan Yunin 2017 muguwar manhajar nan NotPetya, wadda ta faro daga Yukiren, ta shiga na'urorin Maersk, babban kamfanin jiragen ruwa na ƙasar Denmak. Kamfanin yana da na'urori kimanin 150 a faɗin duniya masu riƙe da rajistar wane ma'aikaci ne ke da izinin shiga ina. Kowacce tana kwafar 'yar'uwarta, don haka aka ɗauka ai ko ɗaya ta mutu sauran suna nan. Ba a yi tunanin abin da zai kashe su duka a lokaci guda ba, kuma shi ne ya faru. Kamar yadda mujallar Wired ta ba da labari, guda ɗaya ce ta tsira, a ofishinsu na Ghana, saboda an ɗauke wuta kafin harin, na'urar ba ta kan layi. Da yake intanet ɗin ofishin ba zai iya tura bayanan da sauri ba, sai aka ɗauko faifan a jirgi zuwa Najeriya, daga nan wani ya wuce da shi Ingila. Duk da wannan sa'a, kamfanin ya ce ya yi asarar dala miliyan 250 zuwa 300, ya kuma sake ɗora manhajoji a kan kwamfutoci 45,000 da manyan na'urori 4,000.

Darasin a fili yake: kwafin da ke haɗe da layi ɗaya da asalin, wanda kalmar sirri ɗaya ke buɗe su duka, abin da ya ci asalin zai iya cin sa. Masu garkuwa da bayanai don neman kuɗin fansa sun gane wannan tuni. Idan suka shiga, wurin ajiyar suke fara nema su lalata, don su tabbata ba ka da mafita sai biya.

Wataƙila ka ce, to ai mu a girgije muke ajiya, wato a na'urorin manyan kamfanoni irin su Google da Amazon. A watan Mayun 2024, UniSuper, asusun fansho na Ostireliya mai mambobi sama da 600,000, ya wayi gari an goge masa wurinsa a Google Cloud saboda kuskuren saiti daga ɓangaren Google. Suna da kwafi a yankuna biyu, amma duka a ƙarƙashin asusu ɗaya, sai suka tafi tare. Ajiyar da suka yi a wajen wani kamfani daban ce ta taimaka aka dawo da su. Tsohuwar ƙa'idar nan ta 3-2-1 ba ta tsufa ba: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Yanzu ana ƙarawa da cewa ɗaya ya zama wanda ba ya kan layi, ko wanda aka kulle ta yadda ko shugaban sashen kwamfuta ba zai iya goge shi ba kafin wa'adinsa.

Akwai kuma lissafin da ɗan talla ba zai yi maka ba. A ce kana da terabait 10 a girgije, layin intanet ɗinka kuma megabit 100 ne a daƙiƙa. Ko da layin bai yanke ko sau ɗaya ba, sauke su zai ci fiye da kwana 9. Asibitinka ko bankinka zai iya zama kwana 9 a rufe? Sannan yawancin masu girgije suna cajin kuɗin fitar da bayanai, da dala. Ka tambayi farashin fita tun kafin ka shiga.

Kada a yi wa jadawalin rashin adalci. Yana da amfani wajen tace sunaye daga ashirin zuwa uku, da sanin ko manhaja ta dace da irin na'urorinka. A nan aikinsa ya ƙare. Sauran aikin naka ne, kuma yana farawa da tambayoyi biyu da shugabannin ma'aikata za su amsa, ba injiniya kaɗai ba. Bayanan awa nawa za mu iya rasawa ba tare da mun durƙushe ba? Awa nawa za mu iya yi a kashe? Amsar rumbun cinikin banki ba za ta zama ɗaya da ta tsofaffin takardun ofis ba, kuɗin da za a kashe musu ma haka.

Da ka samu amsar, sai ka kira kamfanoni ukun nan. Kada ka yarda da nunin da suka shirya a kwamfutarsu. Ka ba su kwafin bayananka na gaske, a kan layinka, ka ce a ɗauka komai ya mutu, har da na'urar da manhajar ajiyar take kai da rajistar izinin shiga. Ka sa ma'aikacinka, ba nasu ba, ya dawo da komai yana bin takardar umarni, kai kuma kana duba agogo. Ka kashe ajiyar dare ɗaya da gangan ka ga ko wani zai samu sanarwa. Ka tambaya: idan muka daina biyan lasisi, za mu iya karanta tsofaffin kwafinmu?

Bayan an saya ma, a sa ranar maimaita wannan gwaji a kalanda, ko da sau ɗaya ne duk wata uku, a rubuta awannin da ya ci. Idan ka koma ofis gobe, tambayi mai kula da kwamfutocinku yaushe rabon da ya dawo da cikakken rumbu daga ajiya, kuma awa nawa ya ɗauka.