Majami'un Ƙauyukan Kwarin Boí: Nazari kan Ginin Romanesk a Tsaunukan Kataloniya

Kwarin Boí yana can cikin tsaunukan Pirenis, a lardin Lleida na yankin Kataloniya a ƙasar Sifaniya. Siririn kwari ne wanda kogin Noguera de Tor ya ratsa, ƙauyukansa kuma ƙanana ne, na makiyaya da manoman gangaren dutse. Duk da haka, a ɗan wannan tsukin akwai majami'u takwas da ɗakin ibada ɗaya waɗanda aka gina a ƙarni na 11 da na 12, kuma a shekarar 2000 hukumar UNESCO ta saka su cikin kayan tarihin duniya. Biyu suna ƙauyen Taüll, wato Sant Climent da Santa Maria. Sauran su ne Sant Joan a Boí, da Santa Eulàlia a Erill la Vall, da Sant Feliu a Barruera, da majami'un Cardet da Cóll da Durro, sai ɗakin ibadar Sant Quirc da ke kan tudu a saman Durro.

Dukkansu ginin Romanesk ne, salon da ya mamaye yammacin Turai kafin na Gotik ya zo. Babbar alamarsa ita ce baka mai rabin da'ira, irin na tsofaffin Rumawa. Bakan maginin Hausa azara ce ke riƙe da shi, ana ɗaure ta hawa-hawa daga bango biyu har su haɗu a tsakiya, sannan a yaɓe. Na Romanesk ba shi da itace a ciki. Duwatsu ne da aka sassaƙa kowane da faɗi a sama da tsuku a ƙasa, suna matse juna, nauyinsu yana tura bango waje. Daga nan sauran siffofin suka biyo: bango mai kauri, taga 'yar ƙarama, ciki mai duhu. Magini ba ya yarda ya huda bango da yawa, don shi ne ke tare turin.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne inda ƙauyukan makiyaya suka samo kuɗin irin wannan aiki. Daga fagen yaƙi suka zo. Kwarin yana ƙarƙashin gidan sarautar Erill, waɗanda suka bi Sarki Alfonso na ɗaya na Aragon yaƙe-yaƙensa da Musulmin Andalus. A shekarar 1118 Alfonso ya ƙwace birnin Zaragoza daga hannun Murabiɗun, daular nan da ta taso daga yammacin Sahara, ya kuma ci Calatayud a 1120. Masu gidan Erill sun sami ganima da filaye a kudu, suka zuba wani kaso a kwarinsu na asali, don neman lada da kuma nuna isa. Shekara biyar bayan faɗuwar Zaragoza, a ranar 10 ga Disamba 1123, Bishop Ramon na Roda ya keɓe majami'ar Sant Climent, washegari ya keɓe Santa Maria. An rubuta ranar farkon da fenti a jikin ɗaya daga ginshiƙan Sant Climent, shi ya sa masana ke auna shekarun sauran gine-ginen da ita. Bishop ɗin kansa ya raka Alfonso wani hari zuwa kudancin Andalus, ya rasu a 1126 bayan dawowa.

Sant Climent ce ta fi nuna fasalin a fili. Dogon ɗaki ne da layi biyu na ginshiƙai suka raba gida uku, na tsakiya ya fi faɗi. Ginshiƙan zagayayyu ne, an ɗora su da ƙananan duwatsu, ba su da wani sassaƙe sai ɗan zobe mai haƙoran zarto a wuya. Rufin katako ne mai gangara biyu, an lulluɓe shi da falalen baƙin dutse don dusar ƙanƙara ta zame. A gabas kowane sashe ya ƙare da lungu mai rabin da'ira da rabin kubba a kansa, kuma a na tsakiya bagadi yake. Bangon gefe kusan babu taga. Haske yana shigowa ta ƙofa da 'yan tsagogin lungun gabas, saboda haka wanda ya shigo idonsa gabas zai nufa, ko yana so ko ba ya so.

Adon waje kuwa na Lambardiya ne, daga arewacin Italiya. Maginin ba ya sassaƙa hoto. Da jerin duwatsun kansu yake yin kwalliya: siraran layuka da suka ɗan fito daga bango suna hawa tsaye, a sama su haɗu da jerin ƙananan baka marasa rami, a kan waɗannan kuma layin duwatsu da aka jera a karkace kamar haƙoran zarto. Idan rana ta bugi bangon a kaikaice, inuwar waɗannan layuka ce ke raya shi. Aiki ne da ayarin magina masu yawo za su iya da guduma da dutsen da suka tarar a wurin, ba sai da gwanin sassaƙa ba.

A nan akwai abin lura. A shekarar 1123 wannan salo ya riga ya tsufa. Ya shiga Kataloniya tun ƙarni ɗaya kafin nan, kuma majami'ar Sant Vicenç ta Cardona, wadda aka keɓe a 1040, tuni ta sami rufin dutse. A lokacin da ake ɗora katako a Taüll, ana ta aikin babbar majami'ar Cluny a Faransa da ta Santiago de Compostela, masu dogon rufin dutse da ƙofofi cike da sassaƙe. Kenan ta fuskar gini, kwarin Boí yana baya. Bai kamata a ɗauki wannan a matsayin gazawa ba, domin tsohon salon ya dace da wurin: dutsen kwarin mai tauri ne, damar aiki gajeriya ce saboda sanyi, itace kuma yana nan a wadace.

Ana iya ganin canjin zamani a bango ɗaya a Barruera. Sant Feliu tana da lungun gabas biyu kafaɗa da kafaɗa. Babban na ƙarni na 11 ne, duwatsunsa ƙanana, ba su daidaita ba, da adon Lambardiya a jikinsa. Ƙaramin na ƙarni na 12 ne, duwatsunsa manya, an gyara fuskarsu sumul, babu ado ko ɗaya. Majami'ar Cóll ta ƙara gaba, da ƙofa mai sassaƙen mutane da dabbobi a kan ginshiƙai. Ta Durro, wadda girmanta ya nuna ƙauyen ya taɓa bunƙasa, ɗaki ɗaya ce mai rufin dutse. Ta Cardet an kafa ta a bakin gangare, har sai da aka gina ɗakin ƙarƙashin ƙasa don a daidaita dandamalin bagadi, kuma ita kaɗai ke da irinsa a kwarin.

Hasumiyoyin ƙararrawa su ne abin da baƙo ke fara hangowa. Ta Sant Climent da ta Erill la Vall kowace hawa shida ce, mai kusurwa huɗu, siririya ƙwarai idan aka kwatanta da gajeren ginin da ke gefenta. Gindin a toshe yake, sama kuma a buɗe, da tagogi bibbiyu ko uku-uku da siririn ginshiƙi ya raba. Dabarar tana rage nauyi a inda ya fi haɗari, tana kuma sakin ƙarar ƙararrawa. Aikinsu bai tsaya ga kiran ibada ba. Hasumiyoyin Taüll da Boí da Erill suna hangen juna, don haka sun yi aikin tsaro da isar da saƙo. Majami'ar ma dandalin ƙauye ce: a Erill da Durro akwai rumfa mai baka a gefen gini, inda jama'a ke fakewa daga ruwa da dusar ƙanƙara, makabarta kuma na nan kusa.

Wanda ya ga tsirarar dutsen yau zai zaci haka aka bar su tun asali. Ba haka ba ne. An yi musu shafe, an yi fenti, har a waje. A Boí an sami zane a kan ƙofar shiga. A ciki kuwa zane ya rufe bango da ginshiƙai. Ana shafa launi a kan ɗanyen shafen farar ƙasa, ya bushe tare da shi, don haka mai zane yana shafe iyakar abin da zai iya gamawa kafin ya ƙafe. A nan ne kuɗin Erill suka sayi abin da ya wuce na ƙauye. Mai zanen lungun Sant Climent, wanda ake kira Gwanin Taüll, yana cikin manyan masu zanen Turai na zamaninsa. Ya zana Yesu a zaune cikin wani zobe mai tsini sama da ƙasa, hannun dama a ɗage, na hagu riƙe da buɗaɗɗen littafi, alamomin marubutan Linjila huɗu kewaye da shi, Maryamu da manzanni a jere a ƙasa. Fuskar doguwa ce, ɓarinta biyu daidai wa daida, an fitar da ita da baƙin layi mai ƙarfi, ƙafafun kuma sun ɗan ƙetare zoben kamar za su sauko. Shuɗin tufafin daga wani ma'adini ne mai suna ayerinit da ake samu a yankin Pirenis. A Santa Maria, Maryamu ce riƙe da jariri, masanan gabas uku suna miƙa kyauta. Zanen Boí ya fi sakin jiki: ga jifan waliyyi Istifanus, ga masu wasan tsalle-tsalle, ga jerin dabbobi har da raƙumi, wanda ƙirarsa ta fi kama da ta labari.

Arziki daga waje ne ya gina majami'un, talauci da nisa kuma suka adana su. Da martabar kwarin ta ja baya, ba a sami kuɗin rushe su a sake sabon salo ba, kamar yadda aka yi a birane. An dai yi ƙare-ƙare, an kafa manyan allunan bagadi na katako waɗanda suka ɓoye zanen, suka kuma kare shi. A 1904 mai tsara gini Lluís Domènech i Montaner ya ziyarci kwarin, a 1907 kuma Cibiyar Nazarin Kataloniya ta aiko tawaga da ta haɗa da wani mai tsara gini, Josep Puig i Cadafalch. Hotunan da aka wallafa sun jawo masana, sun kuma jawo dillalai. A 1919 aka ɓare zanen majami'ar Santa Maria de Mur, a wani yanki na kusa, ya ƙare a gidan tarihi na Boston a Amurka. Hukumar gidajen tarihi ta Basalona ta ga in ba ta yi sauri ba sauran ma za su bi, sai ta saye su ta sa aka ɓare su tsakanin 1919 da 1923. Ƙwararru daga Italiya suka yi aikin: a manna ƙyalle da gam a kan zanen, in ya bushe a ja, sai fatar launin ta biyo ƙyallen, daga baya a mayar da ita kan wani yadi.

Ceto ne, amma ya raba abin da aka yi don ya zauna tare. Zanen yana gidan tarihin fasaha na ƙasa da ke Basalona, a jikin lunguna da aka ƙera daidai girman na asali, ƙarƙashin hasken lantarki, bangon da aka yi shi dominsa kuma yana kan tsauni. Gumakan katako bakwai na Erill, masu nuna sauke Yesu daga gicciye, an raba su tsakanin Basalona da gidan tarihin Vic, aka bar kwaikwayonsu a ƙauyen. A Sant Climent, tun 2013 an cire kwafin da aka daɗe da sawa, aka bayyana ragowar launin da ya saura a shafen, ana kuma haska cikakken zanen a bangon da na'ura. Santa Maria, wadda ke tsakiyar Taüll, har yanzu ita ce majami'ar mutanen ƙauyen. A Durro kuma, a farkon lokacin zafi, daga kusa da Sant Quirc ake kunna itatuwan da mutane ke saukowa da su a kafaɗa zuwa cikin gari, bikin wutar Pirenis da UNESCO ta amince da shi a 2015.